Ɗaki Nawa, Gida Namu: Tsokaci a Kan Sheƙar Tsiryar Ajantina

Gabatarwa

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, mu da sana'ar koyarwa ta sa muke yini cikin taron 'ya'yan mutane muna kallon yadda suke zama da junansu. Tambayar ita ce: mene ne yake riƙe da gidan da mutane da yawa suka yi tarayya a cikinsa? Shin ƙaunar juna ce, ko tsoron maigida, ko kuwa wani abu ne daban? Idan aka yi wa ɗalibi wannan tambaya a aji, nan take zai ce haɗin kai ne, ya kawo karin maganar nan ta hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, malami ya ba shi maki, a wuce wurin. To amma duk wanda ya ɗan kwana biyu a duniya ya san amsar ba ta tsaya nan ba, domin mun ga gidajen da ake son juna a cikinsu sun watse, mun kuma ga waɗanda ake kwana ana tashi da cacar baki suna nan daram shekara da shekaru.

Saboda haka a wannan muƙala muna gayyatar mai karatu zuwa Kudancin Amurka, mu tsaya a gindin wata doguwar bishiya, mu ɗaga kai mu dubi gidan wata 'yar tsuntsuwa wadda ita ma take fama da irin wannan zama. Idan mun gama kallo sai mu dawo gida mu dubi kanmu.

Tsuntsuwar da Gidanta

Kowa ya san tsirya, koriyar tsuntsuwar nan mai jan baki da doguwar wutsiya, 'yar'uwar aku. Ita da aku da sauran danginsu, waɗanda suka kai kusan iri 400 a duniya, ba magina ba ne. Yawancinsu sukan nemi kogon bishiya ne ko rami a jikin dutse su yi ƙwai a ciki. Amma a ƙasashen Ajantina da Urugwai da Faragwai da Bolibiya da kudancin Birazil akwai wata tsirya da ta fita daban. Mutanen Ajantina suna kiranta kotora. Bayanta kore ne, goshinta da ƙirjinta ruwan toka, tsawonta daga baki zuwa wutsiya bai wuce santimita 30 ba, nauyinta kuwa giram 100 ne da 'yan kai. In ban da wata 'yar'uwarta ta kusa da ke zaune a duwatsun Bolibiya, ita kaɗai ce a cikin dangin aku take gina sheƙa da ƙirare.

Ginin yakan fara ne da miji da mata guda. Za su zaɓi wuri can sama inda rassa suka yi gwafa, su riƙa yanko ƙirare da bakinsu, sun fi son masu ƙaya domin su ne ke sarƙewa da juna, suna ɗauko su ɗaya bayan ɗaya suna cusawa suna saƙawa, har su tayar da ɗaki rufaffe mai rufi da bango. Ƙofar ɗakin takan kalli ƙasa ko gefe, ta bi ta wani ɗan lungu kafin a isa inda ƙwai yake, yadda shaho ko maciji zai sha wuya kafin ya kai ciki. Wata masaniya mai suna Jessica Eberhard, wadda ta sa ido a kan tsuntsayen nan a Ajantina ta kuma wallafa bincikenta a 1998, ta gano cewa namiji ne ke yin mafi yawan aikin gini da gyara, shi ne kuma ke ciyar da mace lokacin da take kwanci. Kwancin yakan ɗauki kimanin kwana 24.

Inda abin yake da ban sha'awa shi ne abin da ke biyo baya. Idan wasu ma'aurata suka zo neman wurin zama, sau da yawa ba sa tafiya wani reshe su fara daga tushe. Sai su jingina nasu ɗakin a jikin na farko, bangon maƙwabci ya zama bangonsu, su rage wa kansu aiki. Na uku su zo su jingina da na biyu, na huɗu su ɗora a sama. A haka a haka sheƙa guda za ta tara ɗakuna goma, ko ashirin, ko fiye. Manya daga cikinsu sukan kai nauyin kilo 200, wato buhun siminti huɗu ke nan, girmansu kuwa ya yi kusa da na ƙaramar mota. Mai karatu ya auna wannan da nauyin maginin: sai an tara tsuntsaye kusan 2,000 kafin su yi nauyin gidan da suka ɗauko da baki, ƙirare ɗaya bayan ɗaya.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata mu riƙe game da wannan gida. Na farko, babu wata hanya ta ciki da ta haɗa wani ɗaki da wani. Kowane ma'aurata da ƙofarsu, kuma suna tsaron ta, maƙwabcin da ya leƙa ba izini zai sha sara. Na biyu, ba gidan damina ɗaya ba ne. Yawancin tsuntsaye sukan bar sheƙa da zarar 'ya'ya sun tashi, amma kotora a cikin tata take kwana rani da damina, kuma kusan kullum tana cikin gyara. Ƙarfin ginin ya sa har baƙi suke samun mafaka: wani ɗan ƙaramin shaho na ƙasar da wata agwagwar daji sukan kama ɗakin da babu kowa su hayayyafa a ciki.

Gidan da Babu Wanda Ya Zana

Abu na farko da za mu lura da shi shi ne, wannan katafaren gida ba shi da sarkin gini. Babu wanda ya zana shi, babu wanda ya tara jama'a ya raba aiki, babu kuma tsuntsun da ya tashi da safe da niyyar yi wa al'umma hidima. Kowa ɗakinsa yake ginawa. Sai dai ginin ya zo da wani tsari wanda ya sa duk ƙiraren da mutum, ko mu ce tsuntsu, ya cusa a bangonsa, ya ƙara wa bangon maƙwabcinsa ƙarfi ko ya so ko bai so ba. Idan kuma ɗaya ya hango shaho ya ƙwalla kuka don tsoron ransa, duk gidan ya ji ya ɓuya.

Wannan ya saɓa wa abin da muka saba koya wa yara. Mukan nuna musu kamar son kai da son jama'a abokan gaba ne, wato sai ɗaya ya mutu ɗaya zai rayu. Daga nan sai wasu su ɗauka cewa mutumin kirki shi ne wanda ba shi da nasa, wanda ya cire ƙyauren ɗakinsa ya ce kowa ya shigo. A ganinmu wannan kuskure ne, kuma kakanninmu ba su yi shi ba. Dubi gidan gandu na ƙasar Hausa: zaure ɗaya ne, katanga ɗaya ce, gona ɗaya ake nomawa, amma kowane magidanci da sashensa, kowace mace da ɗakinta, kowa kuma yana da gayaunarsa da yake nomawa don aljihunsa. Sun fahimci cewa wanda ba shi da ƙofa tasa ba zai damu da gyaran katanga ba. Mutum yakan kula da gida ne idan ya san akwai wani lungu a cikinsa da zai ce nawa ne.

Ashe ke nan laifin ba ya ga gina ɗakin kai. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: ƙiraren da kake gina ɗakin naka da su, daga ina ka samo su?

Ɓarawon Ƙirare

Kada mai karatu ya zaci gidan kotora gidan waliyyai ne. Masu binciken da suka zauna suna kallon sheƙun nan sun sha ganin wani abu da zai ba mutum dariya, ya kuma ba shi kunya. Yanko ƙirare daga bishiya aiki ne mai wuya: sai tsuntsu ya tashi ya nemi reshen da ya dace, ya yi ta gurgura har ya katse, sannan ya ɗauko shi a baki ya dawo. Ga kuma ƙirare nan yankakku, daidai wa daida, a bangon maƙwabci. To, sai wasu su faki idon mai ɗaki, su zare ɗaya su kai nasu. Idan mai ɗaki ya dawo ya tarar, a yi ta kururuwa da kora. Gobe kuma mai yiwuwa wanda aka yi wa satar shi ne zai zari na wani.

Bari mu yi lissafi irin na aji. Tsuntsu na farko ya je daji ya kawo ƙirare ɗaya: ɗakinsa ya ƙaru, gida ma ya ƙaru. Tsuntsu na biyu ya zaro daga bangon maƙwabci: ɗakinsa ya ƙaru daidai da na farkon, amma gida bai ƙaru da komai ba, sai ma wata kafa da aka bari inda iska da ruwa za su shiga. Idan ka tsaya a ƙasa kana kallo, su biyun duk za ka gan su da ƙirare a baki, duk suna kai da kawowa, duk ka ce masu ƙwazo ne. Bambancinsu ba ya bayyana a ɗakunansu, sai a jikin gidan gaba ɗaya, shi ma sai bayan an daɗe.

Wannan ya tuna mana da abin da ya faru a wata makaranta da muka taɓa koyarwa. Bencina sun yi ƙaranci, sai 'yan wani aji suka ɓullo da dabara: su yi sammako kafin kowa ya zo, su kwaso na ajin da ke maƙwabtaka da su. Washegari 'yan wancan ajin su riga su zuwa, su kwashe nasu har da ƙari. Haka aka yi ta yi. Abin da ba za mu ɓoye ba shi ne, mu malamai ba mu tsawata ba. Duk malamin da ya shiga ajinsa ya tarar kowa a zaune sai ya yaba wa monita, ya ce yaron nan akwai himma, ba ya tambayar inda aka samo. Amma benci ba ya son yawo. Duk ɗauka sai ƙusa ta saki, duk ajiyewa sai ƙafa ta goce. Kafin ƙarshen zango an tara tulin karyayyun bencina a bayan aji, azuzuwan biyu kuma rabin yaransu suna zaune a ƙasa.

A cikin wannan hali ne wani yaro, ɗan kafinta, ya zo wata Asabar da guduma da 'yan ƙusoshi a takarda, ya zauna a bayan aji shi da abokinsa suka tayar da bencina biyar ko shida daga cikin tulin. Babu wanda ya sa shi, kuma ba ma tuna cewa an kira sunansa a taron safe. Shi ma wurin zama yake nema wa kansa da 'yan ajinsu, kamar yadda monita yake nema. Amma daga shi sai abokin nasa ne suka ƙara wa makarantar benci a wannan zango. Mu da aka ba amanar tarbiyyarsu mun shafe wata uku muna yaba wa mai zarowa daga bangon maƙwabci, mun kasa ganin mai kawowa daga daji.

Idan muka faɗaɗa kallo za mu ga wannan hali a wurare da yawa. Akwai ɗan kasuwar da ke samun riba don ya kawo kayan da babu, akwai kuma wanda ke samu don ya ɓoye wanda ake da shi. Akwai ma'aikacin da ya gina gida da guminsa, akwai wanda ya gina da simintin asibitin garinsu. A bakin titi gidajen biyu duk fenti ɗaya ne, kuma sau da yawa na biyun ne maroƙa suka fi sani.

Wata Hujja da Ya Kamata a Saurara

Mai ja da magana zai iya cewa: to malam, ai kai da bakinka ka ce ana sata a sheƙar, kuma ga ta nan ta kai kilo 200 ba ta faɗi ba. Ashe ke nan gida yana iya ɗaukar ɓarayi. Me zai sa ni in wahalar da kaina zuwa daji, alhali ƙirare ɗaya da zan zara ba zai rushe komai ba?

Wannan hujja ba ta banza ba ce, domin rabinta gaskiya ne. Haƙiƙa ƙirare ɗaya ba ya rushe gida. Amma mai wannan magana ya manta da abin da ya sa gidan yake tsaye. Yana tsaye ne saboda masu zuwa daji sun rinjayi masu zarowa. Kowane ƙirare da ɓarawo ya ɗauka, wani ne ya fara yanko shi da bakinsa. Wato kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Dabarar ɓarawo tana ci ne muddin sauran ba su koye ta ba. Ranar da kowa ya waye irin wayewarsa, babu sabon ƙirare da zai shigo, iska kuma ba ta daina zubar da tsofaffi ba, sai gida ya yi ta raguwa alhali kowa yana cikin aiki tuƙuru. Duk halin da mutum ba zai so maƙwabtansa su koya daga gare shi ba, ya san a ransa cewa a kan wuyansu yake rayuwa.

A nan kuma dole mu raba tsakaninmu da tsuntsu. Kotora ba ta da alhaki, ba ta da lada. Ba ta taɓa tsayawa daga nesa ta dubi gidan gaba ɗaya ta gane cewa kafar da ta bari a bangon wani a kanta ruwan zai zuba ba. Abin da aka halicce ta a kai take yi. Mu kuwa muna iya lissafin da muka yi a sama, har ɗan aji ɗaya yana iya yin sa. Saboda haka ba za mu fake da cewa ai haka halitta take ba. Halitta tana nuna mana yadda gida ke tsayawa da yadda yake faɗuwa, amma zaɓin inda za mu ɗauko ƙirare namu ne.

Reshen da Ke Ɗauke da Gida

Akwai sauran magana guda, wadda idan muka bar ta mun yi wa mai karatu rowar gaskiya. Gida yana iya zama lafiya a ciki, kowa yana kawo nasa, amma ya zama masifa ga waɗanda ke waje.

Tun a 1833, lokacin da masanin halittun nan na Ingila, Charles Darwin, ya bi ta Kogin Parana, ya ga tulin sheƙun nan a kan dogayen bishiyoyi, ya kuma rubuta irin ɓarnar da tsuntsayen ke yi wa gonaki. An shaida masa cewa a kusa da garin Koloniya na Urugwai an kashe 2,500 a shekara guda. Daga baya, da manoma suka daddasa bishiyar turare a filayen ciyawar Ajantina inda a da babu dogayen bishiyoyi, sai kotora ta sami wurin gini, ta bazu, ta auka wa masara da dawa. Manomin can yana kallonta ne kamar yadda namu yake kallon jan-baki idan gero ya nuna.

Sa'an nan ɗan Adam ya kwashe ta a keji ya kai ƙasashen da ba nata ba. Tsakanin 1968 da 1972 kaɗai an shigar da fiye da 60,000 Amurka don sayarwa. Wasu suka kuɓuce, wasu aka sake su, kuma ɗumin sheƙar tarayya, tare da hatsin da mazauna birni ke zuba wa tsuntsaye, ya taimaka musu suka jure har sanyin birnin Shikago. A jihar Fulorida suka koma gini a kan turakun lantarki da taransifoma, ƙirare su jiƙe da ruwa, wuta ta ɗauke wa unguwa, wani lokaci har gobara. A birnin Madrid na Sifaniya yawansu ya kai kimanin 12,000 a 2019, har hukumar birnin ta ba da sanarwar shirin rage su, ɗaya daga cikin dalilanta shi ne tsoron kada sheƙa mai nauyi ta faɗo wa masu wucewa. Ko a ƙasarsu ta asali, sheƙar da ta yi wa reshe nauyi guguwa takan kayar da ita, da ƙwai da 'ya'ya da ɗakin mai gaskiya da na ɓarawo baki ɗaya.

Tsuntsuwar ba ta da laifi a nan ma, mu ne muka dasa bishiyar, mu ne muka buɗe kejin. Amma darasin a fili yake. Dangi, ko ƙungiya, ko gari, suna iya riƙe amanar junansu ƙwarai, amma su zama duk abin da suke tarawa daga gonar wasu suke kwasowa. Haɗin kai shi kaɗai ba shaidar kirki ba ne, domin 'yan fashi ma suna da shi. Tambayar da muka yi wa tsuntsu ɗaya, wato daga ina ka samo, dole a yi wa gidan gaba ɗaya. Dole kuma gidan ya riƙa tuna cewa a kan wani reshe yake zaune, kuma reshe yana da iyakar abin da zai iya ɗauka.

Kammalawa

Mun fara da tambayar abin da ke riƙe da gidan tarayya. A ɗan abin da muka fahimta, ƙauna tana daɗa wa zama daɗi, shugaba nagari yana rage rikici, amma ko babu su gida yana iya tsayawa, kamar yadda sheƙar kotora ta tsaya cikin hayaniya da zo mu zauna zo mu saɓa. Abin da gida ba zai iya rayuwa ba tare da shi ba shi ne a sami isassun masu fita waje su kawo sabo, kullum, ko an gan su ko ba a gan su ba. Ba a nemi kowa ya bar ɗakinsa ba, ba a ce kada ya so 'ya'yansa fiye da na wani ba. Abin da aka nema kawai shi ne ya gina da abin da ya yanko da bakinsa.

Mu iyaye da malamai muna da babban kaso a wannan aiki, domin yaro yana koyon abin da ya ga ana yaba wa ne, ba abin da aka rubuta masa a allo ba. Idan ya shigo da abu a hannu, kafin mu ce madalla, mu tambaye shi inda ya samo. Mu kuma riƙa zagayawa bayan aji lokaci lokaci, ko za mu tarar da mai guduma da ƙusa yana aiki shi kaɗai. Mun taɓa wuce irinsa ba mu kula ba, muna fatan mai karatu ba zai maimaita kuskurenmu ba.